Bashin Karatu na NELFUND: Babu Ruwa a Cikinsa, Amma Akwai Ranar Biya

Tun daga ranar 24 ga Mayu, 2024, da aka buɗe shafin neman bashin karatu na Asusun Lamunin Ilimi na Najeriya, wato NELFUND, tambayar da iyaye da ɗalibai suka fi kai wa malamai ita ce ko karɓar wannan bashi ya halatta. Tambaya ce da ta dace, domin Musulmi ba ya sa hannu a wata mu'amala sai ya san hukuncinta. Sai dai akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, kuma a ganinmu ita ce ta fi nauyi a yau: a cikin masu karɓa, mutum nawa ne suka ƙudura niyyar biya?

Matsayinmu a taƙaice shi ne, bashin a yadda doka ta tsara shi ba shi da kuɗin ruwa, don haka ɗalibin da ke da buƙata ba shi da dalilin tsoron karɓarsa. Amma bashi ne, da sunan bashi aka bayar, da sunan bashi aka sa hannu. Wanda ya karɓe shi yana raya wa a ransa cewa rabonsa ne daga dukiyar gwamnati, ya tsallake haramcin riba ya faɗa haramcin cin amana, kuma ya taimaka wajen rufe ƙofar da ƙannensa za su zo nema gobe.

Yadda aka zo nan

A 2023 ne tsadar rayuwa ta yi wa gidaje da dama dirar mikiya. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na abinci suka tashi, kuma a cikin wannan shekara jami'o'in tarayya da dama, ciki har da Jami'ar Bayero da ke Kano, suka ƙara kuɗin rajista. Magidancin da a da yake biya wa 'ya'ya biyu ko uku sai ya koma yana tunanin wanda zai ci gaba da wanda zai dakata. Sau da yawa, idan aka zo wannan zaɓi, 'ya mace ce ake cewa ta haƙura.

Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai ta farko a ranar 12 ga Yuni, 2023. Sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai kuɗin shigar gidan su ɗalibi bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati, ko lauyoyin da suka daɗe a aiki, ko ma'aikatan shari'a. Ɗan manomin da ke ƙauye ina zai samo irin waɗannan? Majalisa ta sake dokar, aka sa hannu a sabuwa a ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa.

A tsarin da ake bi yanzu, ɗalibin makarantar gaba da sakandare ta gwamnati yana nema ne ta intanet, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da lambar JAMB, da shaidar cewa makarantar ta ɗauke shi. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye zuwa asusun makarantar. Wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya kuma ana tura masa naira 20,000 a wata a asusunsa. Ba za a fara neman biya ba sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi ta hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Mai sana'ar kansa shi zai riƙa kai nasa kason. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a cikinta laifi ne da doka ta tanadar wa ɗaurin shekara uku. Dokar ta kuma tanadi yafe bashin idan mutuwa ta zo, ko wata musiba da ta fi ƙarfin mutum ta hana shi biya.

Batun halacci

Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka haɗu a kanta ita ce, duk rancen da aka gindaya wa sharaɗin ƙari ga mai bayarwa ya zama riba, ko ƙarin kaɗan ne ko mai yawa, ko mai bayarwar mutum ne ko hukuma. Rancen da za a mayar daidai da abin da aka karɓa kuwa shi ake kira ƙardul hasan, kuma aikin lada ne ga mai bayarwa. Bashin NELFUND, a rubuce, yana cikin kashi na biyu: abin da aka biya maka shi za ka mayar.

Domin a gane girman wannan sauƙi, a dubi halin da Musulmin Ingila suke ciki. A can bashin karatu na gwamnati yana ɗauke da ruwa da ke tafiya da hauhawar farashi. A 2013 Firaminista David Cameron ya yi alƙawari, a wani taron tattalin arziƙin Musulunci da aka yi a Landan, cewa za a samar da hanyar da Musulmi zai yi karatun jami'a ba tare da cin karo da addininsa ba. An shafe fiye da shekara goma wannan hanya ba ta fara aiki ba, kuma a tsawon lokacin iyalai da yawa suna tsakanin karɓar bashi mai ruwa da haƙura da jami'a. Abin da suke roƙo shekara da shekaru shi ne dokarmu ta ba mu tun daga farko.

Akwai ma wani rangwame da ba a cika lura da shi ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin da aka ci da takardun kuɗi ana biyansa ne da adadinsa, ba a ɗaure shi da tashin farashin kaya. Dokar Najeriya ma adadi take nema. Kowa ya san abin da naira 20,000 take saye a yau ba shi za ta saya nan da shekara bakwai ko takwas ba. Ma'ana, ko wanda ya biya bashinsa kaf ya mayar da abin da bai kai darajar wanda ya karɓa ba, al'umma ce ta ɗauki asarar bambancin. Wanda aka yi wa irin wannan alheri, kunya kaɗai ta isa ta hana shi gudu da sauran.

Duk da haka muna jan hankalin masu nema su karanta yarjejeniyar da ke shafin kafin su amince, su kuma adana kwafinta. Dokoki suna canzawa, kuma hukuncin da malami ya bayar a kan sharuɗɗan bana ba lallai ya hau kan na baɗi ba. Idan wata rana aka shigo da ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya, to hukunci ya sauya, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya zo ya rushe.

Nauyin bashi a Musulunci

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, kuma cin bashi don buƙata ba abin kunya ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma addinin da ya halatta bashi bai ɗauke shi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. A Suratun Nisa'i an gabatar da biyan bashin mamaci a kan rabon gadonsa.

Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an kawo wata gawa, Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai kuma bai bar abin biya ba sai ya umarci sahabbai su yi masa sallah, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya sallace shi. A Sahihu Muslim an bayyana cewa shahada, duk da girmanta, ba ta kankare bashi. Bukhari ya kuma ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ya raba masu cin bashi gida biyu ta fuskar niyya: mai nufin biya Allah zai taimake shi ya biya, mai nufin salwantar da dukiyar mutane kuma shi ne zai salwanta. Wannan hadisi ya kamata kowane ɗalibi ya tuna da shi a daidai lokacin da yake cike fom, domin tun a nan ake rubuta masa gidan da ya zaɓa.

Wani zai ce ai wannan duk a kan bashin mutane ne, na gwamnati daban. Wannan ita ce shubuhar da ta fi yaɗuwa, kuma ba ta da tushe. Dokar 2024 ta ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya take tarawa. Harajin nan daga aljihun jama'a yake fitowa, har da mai sayen kati a waya da mai sayen sabulu a kanti, waɗanda da yawansu 'ya'yansu ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Wanda ya ci bashin mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman gafara. Wanda ya ci na baitulmali, masu haƙƙi a kansa miliyoyi ne, ba ya iya zagaya su. Hujjar cewa manya suna sata ba ta wanke kowa, domin kowa da littafinsa za a tashe shi.

Mun taɓa ganin irin wannan

Ba yau aka fara ba ɗalibai bashi a Najeriya ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai bashi a 1972. Mutane sun karɓa, sun yi karatu, wasu sun zama manya a ƙasa, amma kuɗi masu yawa ba su dawo ba, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi don ya gaje ta, shi ma bai yi wani tasiri ba. Daga nan aka shafe kusan shekara 30 babu wani tsayayyen shirin tarayya da ɗan talaka zai jingina da shi. Waɗanda suka ƙi biya a wancan zamani ba su ji a jikinsu ba. Waɗanda suka ji su ne yaran da aka haifa daga baya, suka samu gurbin karatu suka rasa kuɗin rajista.

Na kusa-kusa kuma shi ne shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. Akwai manoman da ambaliya da rashin tsaro suka hana su biya, waɗannan suna da uzuri. Amma duk wanda ya zauna a Arewa ya san akwai waɗanda suka karɓa ba da niyyar noma ko biya ba, suna kiransa rabonsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Alƙaluman da NELFUND take fitarwa sun nuna ɗaliban Arewa suna sahun gaba wajen nema. Wannan abin farin ciki ne, amma yana nufin idan shirin ya rushe saboda rashin biya, mu ne za mu fi kowa asara, kuma da sunanmu za a ba da labarin.

A yi lissafi kafin a nema

Shawararmu ga iyaye ita ce a zauna da yaro a yi lissafi da biro da takarda. Ga misali, a ƙaddara kuɗin makaranta naira 150,000 ne a shekara. A shekara huɗu sun zama 600,000. Idan aka haɗa da kuɗin ɗawainiya na 20,000 a wata, aka kuma biya watanni 12 a kowace shekara, an ƙara 960,000. Jimla naira 1,560,000. Wanda ya samu aikin 150,000 a wata, ana cire masa 15,000, zai yi watanni 104 yana biya, wato shekara takwas da wata takwas. Wanda yake kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024, ana cire masa 7,000, zai haura shekara 18. A cikin waɗannan shekaru ne zai yi aure, ya kama haya, ya fara biya wa nasa 'ya'yan kuɗin makaranta.

Wannan misali ya nuna kuɗin ɗawainiya suna iya fin kuɗin makarantar yawa. Tsarin ya ba da damar a nemi na makaranta kaɗai. Ɗalibin da yake zuwa daga gida, ko wanda mahaifinsa ke iya ciyar da shi, ya tambayi kansa ko yana buƙatar na biyun. Bashin da aka ci don littafi da abinci daban yake da wanda aka ci don sauya waya ko ankon biki. Wanda kuma Allah Ya hore wa iyayensa, barin layin ga mabuƙata ya fi masa alheri, ko da doka ba ta hana shi ba.

Sai a kiyaye gaskiya wajen cike bayanai. Kada a yi amfani da sunan wanda ya bar makaranta, kada a ba wani lambobin sirri ya cike a madadin yaro ba tare da yaron yana wurin ba. Neman bashin ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya gaggauta fitowar kuɗi macuci ne. A buɗe littafi a gida a riƙa rubuta duk abin da ya shigo da ranarsa, kamar yadda ayar bashi ta koyar.

Game da 'ya'ya mata, muna ƙarfafa a nema musu idan buƙata ta kama, domin rashin kuɗin rajista bai kamata ya zama dalilin da za a rasa likita ko malama ba. Amma a sani bashin yana wuyanta ne, aure ba ya mayar da shi kan miji sai idan shi ya ɗauka da bakinsa. Kyautatawa ce a sanar da mai neman aure tun da wuri. Idan ta zauna ba ta aiki, ta bi hanyar da doka ta tanada ta neman jinkiri, kada a yi shiru a ɗauka magana ta wuce. Idan kuma tana sana'a a cikin gida tana samu, to tana cikin masu iko, ko da babu ofishin da ya san da ita.

Wannan ya kawo mu ga inda jarrabawar take. Mai albashin gwamnati ko na babban kamfani ba shi da zaɓi, za a cire tun kafin kuɗi su iso hannunsa. Amma da yawa daga cikin masu gama jami'a a yau kasuwa suke shiga, ko noma, ko sana'ar hannu, inda babu mai ganin cinikinsu. Irin wannan zai iya zuwa ya yi rantsuwa cewa ba ya samun komai, kuma wataƙila ba za a taɓa kama shi ba. Shari'a ta kira jinkirin mai hali zalunci, rantsuwa a kan ƙarya don cin dukiya kuwa tana cikin manyan zunubai. A nan babu ɗan sanda sai tsoron Allah.

Haƙƙin da ke kan hukuma da makarantu

Amana ba a wuyan ɗalibi kaɗai take ba. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun yi jinkirin mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kansu, har hukumar ICPC ta sanar da fara bincike. Duk jami'in da ya riƙe irin wannan kuɗi ya sani yaro ne zai biya bashin abin da bai amfana da shi ba. Muna kira da a riƙa bayyana sakamakon irin wannan bincike a fili, a kuma ba kowane ɗalibi damar ganin abin da aka biya da sunansa, da ranar da aka biya. Makarantu kuma kada su mayar da samuwar bashin hujjar ƙara kuɗi, domin duk ƙarin da aka yi a wuyan yaran zai sauka.

Ga gwamnati, buƙatunmu uku ne. Ta bar bashin a yadda yake, babu ruwa kuma babu tarar jinkiri, ko da wane suna za a kira ta. Ta sauƙaƙa hanyar neman jinkiri ga wanda da gaske bai samu aiki ba, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sannan ta tuna bashi ba ya maye gurbin ɗaukar nauyin ilimi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana cewa tallafi ya fi dacewa da ɗan talaka, kuma maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Gwamnatocin jihohi su ci gaba da biyan kuɗin tallafin karatu, kada su fake da NELFUND su janye hannu.

Mu ma al'umma muna da namu kason. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi da attajiranmu suna iya ware wani abu don sauke wa waɗanda suka gama karatu suka kasa biya saboda rashin lafiya ko rashin aiki, ko su biya wa marayu tun farko don kada su ci bashin. Limamai kuma su sa wannan batu a huɗubobinsu, musamman a masallatan jami'o'i a farkon zangon karatu, lokacin da ake cike fom.

Nan da 'yan shekaru rukunin farko na waɗanda suka karɓa za su kai lokacin biya. Abin da suka yi shi zai nuna ko yaron da yake aji ɗaya na sakandare a yau zai tarar da asusun da rai. Muna fatan a lokacin a ce ɗaliban Musulmi ne suka fi kowa cika alƙawari, har ma a samu masu biya kafin a nema, domin mafi alherin mutane a wannan babi shi ne wanda ya fi kyautata biya.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin ilimi mai amfani, Ya ba su sana'a ta halal, Ya sauke wa duk mai bashi nauyin da ke kansa, Ya sa mu bar duniya babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.